Gidan Zanzaro a Barandarmu: Abin da Ya Faru a Ɗakuna Takwas

Famfon da ke kusurwar tsakar gidanmu a Tudun Wadan Zariya ya fi shekara yana ɗiga. Ba yoyon a zo a gani ba ne, ɗigo ne ɗai-ɗai, amma ya isa ya mai da jar ƙasar da ke gindinsa laka mai danƙo wadda ko rana ta take ba ta bushewa. Kaji suna sha a nan, kadangaru kuma suna cin albarkacin kaji. Maiɗakina ta yi maganar a kira mai gyara har ta gaji ta zuba mini ido. Wannan sakacin nawa ne ya jawo mana zanzaro a tsakiyar watan Yulin da ya wuce, kuma shi ya sa na shafe wata uku ina hawa benci ina leƙen bango kamar wanda ya ɓoye kuɗi a can.

Da kunne muka fara sanin zuwansa. Ana zaune a baranda bayan azahar sai a ji wani siririn ƙara daga saman taga, ziiii, ya ɗauke, can ya dawo, kamar injin askin da cajinsa ya kusa ƙarewa. Autarmu, mai shekara tara, ita ta gano inda yake fitowa: lungun da bango ya haɗu da katakon taga, inda feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Ga ɗan curin jar laka a manne, ɗanye sharaf, ga mai shi a kai yana aiki.

Baƙi ne wuluk, tsawonsa kamar santimita biyu da rabi, ƙafafunsa da ratsin ɗorawa, tsakanin ƙirjinsa da cikinsa kuwa wani siririn tsinke ne ruwan ɗorawa, har mutum ya yi mamakin ta inda abinci yake wucewa. Wannan ƙugun ne ya sa idan ɗan makaranta ya cusa riga cikin wando ake cewa ya yi zanzaro. Masana ƙwari suna kiran irinsa Sceliphron spirifex, kuma tun 1758 Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya shigar da shi lissafin halittu. Yana ko'ina a Afirka, ya haura har kudancin Turai. Kada a haɗa shi da rina. Rina jama'a ce, tana da gidan da take tsaro, wanda ya matsa kusa zai kwana da kumburarriyar fuska. Zanzaro shi kaɗai yake harkarsa. Na sha kai fuskata taƙi ɗaya da shi, ko kallo ban ishe shi ba.

Hausa ta mai da shi namiji, amma duk zanzaron da ka gani da laka a baki mace ce. Namijin ba ya gini, ba ya farauta, ba shi ma da ƙarin harbi, domin ƙarin nan asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya koma makami. Aikinsa shan ruwan fure da neman mata. Don haka daga nan zan riƙa cewa "ta", ko da kunne zai ɗan yi gardama.

Yadda take gini

Asabar ɗin farko na ajiye kujera tsakanin famfo da taga, agogon waya a hannu. Takan sauka a gefen lakar, ba tsakiya inda ruwa ya yi yawa ba, ta kafa kai ƙasa ta ɗaga ciki sama, ta riƙa kankaro laka da muƙamuƙi tana mulmulawa da ƙafafun gaba har curin ya kai ƙwayar dawa. Sai ta tashi da shi a baki, ƙafafun baya na reto. A bango ba jifan yaɓe take yi ba. Takan ɗora curin a bakin ginin ta ja shi ya zama rabin zobe, wannan karon ta dama, karo na gaba ta hagu, su haɗu a tsakiya. Shi ya sa sabon ɗaki yake da layi-layi a jiki kamar kitso. Ƙaran nan kuwa a daidai wannan lokacin yake fita, kuma ba kuka ba ne. Naɗe fukafukai take yi ta karkaɗa naman ƙirjin da take tashi da shi, girgizar ta bi ta kanta ta shiga lakar, lakar ta yi laushi ta kwanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba kankaren bene ya ga injin da ake cusawa ciki yana girgiza shi, ya san wannan dabara.

Sawu 34 na ƙirga kafin ɗaki na biyu ya tashi, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Tsawonsa kamar santimita uku, faɗinsa daidai jikinta, domin da jikin nata take awo: ta shiga, ta fito, ta shafe ciki ya yi sumul. Zariya ba garin da za a yi wa gorin ginin ƙasa ba ne. A nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na cikin birni, zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara. Amma shi yana da 'yan kwaɓa da masu miƙo tubali. Wannan ita ce mai haƙa, ita ce lebura, ita ce gwani, kuma ba wanda ya koya mata, don ba ta taɓa ganin uwarta ba.

Mahaifiyata, da ke zaune tare da mu, tana kan tabarma tana tsinke zogale lokacin da Auta ta ɗare benci.

"Ke kishiya, sauko kar ki faɗo a ce ni na ture ki. Me kike nema a gidan zanzaro?"

"Hajiya, 'ya'yansa nake so in gani."

"Wa ya gaya miki zanzaro na haihuwa? Tsutsa yake samowa a ganye, ya kai ɗaki ya toshe, ya yi ta yi mata wannan kukan da kike ji har ta rikiɗe ta zama shi. Haka muka taso muka ji."

Auta ta juyo. "Abba, haka ne?"

Ba a ƙaryata uwa a gaban jika. Na ce, "Mu zuba ido mu gani."

Maganar Hajiya tana da 'yan'uwa a nesa. Mutanen Sin sun yi sama da shekara dubu suna faɗin irinta. A tsofaffin rubuce-rubucensu an ce zanzaro yakan ɗauko tsutsar ganye ya riƙa ce mata "yi kama da ni, yi kama da ni" har ta zama irinsa, kuma har yau sunan wannan tsutsar laƙabi ne na ɗan riƙo a harshensu na adabi. Sai da wani masanin magunguna, Tao Hongjing, wanda ya rayu daga 456 zuwa 536, ya duba cikin gidajen da kansa, ya rubuta cewa zanzaro yana da nasa ƙwan, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, tsutsar kuwa abinci ce.

Abin da ya fara rusa mana lissafi shi ne tamu ba tsutsa take kawowa ba, gizo-gizo ne. Da ta gama ɗaki sai ta bar famfo ta koma shingen lalle da bishiyar lemun tsami da ke bayan kicin, tana bin ganye ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya tak na ga kamun da idona, kuma da na ƙifta da ya wuce ni. Wani ɗan gizo-gizo mai ratsin ciki yana tsakiyar yanarsa, ta faɗa masa, ya saki zare ya zubo ƙasa, ta bi shi, ta rungume shi, ta lanƙwasa dogon ƙugun nan ta kai ƙari ƙarƙashin ƙirjinsa. Shi ke nan, ƙafafunsa suka saki. A nan na gane ƙugun ba ado ba ne. Takan kai kamun ta tura shi ƙurya da goshi, ta koma ta kawo wani, har ɗakin ya cika maƙil. Idan magariba ta yi ba ta gama ba, sai ta yi masa ɗan murfin laka marar kauri, da safe ta cire. Ita kanta ba ta kwana a ciki.

Kafin sati ya zagayo maiɗakina ta fara maganar tsintsiya. Ginin yana ɓata fenti, kuma ta tuna mini yadda danginsu suka taɓa toshe mana ramin soket da wata 'yar kafa a jikin janareto har sai da aka kai shi wurin makanike. Ba ta yi ƙarya ba, ɓarnar curin laka takan wuce haka nesa. Ranar 6 ga Fabrairun 1996 jirgin kamfanin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominikan, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano bututun da ke auna gudun jirgin ne ya toshe, kuma zarginsu ya fi ƙarfi a kan gidan zanzaro, don jirgin ya yi kusan sati uku a ajiye. Mu dai ba jirgi gare mu ba. Muka daidaita: a bar ginin har ƙarshen damina, fenti a wuyana.

Ranar da na fasa na uku

Ranar Laraba ta toshe ɗaki na uku. Ranar Lahadi na kasa haƙuri. Na jira ta tafi farauta, na hau benci da reza da farantin shayi, Auta na haska mini tocila. Busasshiyar lakar ta fi yadda na zata tauri, sai da na ɗiga mata ruwa kafin rezar ta shiga. Da gefen ya ɓalle, abin da ke ciki ya zubo kan faranti kamar an zazzage aljihu.

Gizo-gizo 13. Mafi girmansu bai kai ƙwayar wake ba, yawanci ruwan ƙasa, biyu kore-kore, ɗaya fari tas irin mai laɓewa cikin fure. Biyu rezata ta fasa. Sauran kuwa kamar yanzu aka tsinko su daga yana: ciki a cike, launi bai dushe ba, ƙafafu da laushi, ba su ƙandare irin na mataccen da ake sharowa a bayan kabad ba. Babu wari ko kaɗan. Na sa tsinken sakace na taɓa ƙafar ɗaya. Ta motsa. Ba janyewa ba, ɗan karkarwa ne kawai a can ƙarshen ƙafar, sannan ta tsaya.

Auta ta ce a hankali, "Abba, ba su mutu ba."

Ba su mutu ba. Dafin da take sa musu jijiyoyin motsi yake kamawa ya shanye jiki, rai kuma yana nan. Dalilin kuwa duk matar da ta taɓa ajiye ɗanyen nama a watan Agusta ba wutar lantarki ta san shi: kwana biyu ya ruɓe. Ɗan da aka tara wa wannan abinci sai ya yi sama da sati yana ci. Mu mukan soya ko mu yi kilishi. Ita ta bar naman da ransa.

Ɗan yana manne da cikin gizo-gizon da ya fito daga can ƙurya. Tsutsa ce fara mai sheƙi, ba ƙafa, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ta kafa baki tana tsotsa, har ana hango ruwan na tafiya cikinta ta fata. A jikin kamun farko uwar take manna ƙwanta guda ɗaya kafin ta tara sauran a kai, cikin kwana biyu ko uku ya ƙyanƙyashe. Tsarin ya tafi daidai: tsutsa ta fara da wanda ya fi daɗewa, tana ci tana matsowa bakin ƙofa, wanda aka kama a ƙarshe shi ake ci a ƙarshe.

Na kai wa Hajiya farantin. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. "To, ai ga tsutsar nan," ta ce. "Ita ce za ta zama shi." Na buɗe baki na rufe, don a wannan gaɓar babu kuskure a maganarta.

Ba ni na fara jin wani iri a kan wannan al'amari ba. Charles Darwin, a wasiƙar da ya aika wa abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai a Amurka, a watan Mayun 1860, ya kawo dangin zanzaro waɗanda 'ya'yansu ke cin tsutsa ta ciki tana raye a matsayin abin da ya tsaya masa a rai game da wahalar da ke cikin halitta. Hajiya ba ta ga abin tsayawa a rai ba. Ta ce babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah, sannan shi gizon da muke tausayi, ƙuda nawa ya naɗe da ransu? Nan ma ba ta kauce ba. Gizo-gizo da dafi yake shanye abin da ya kama, ya narkar da cikinsa ya tsotse. Sana'arsa ce aka yi masa.

Auta ba ta karɓi wannan hukunci ba. A wurinta Gizo na tatsuniya ne, mijin Ƙoƙi, wanda ko zaki ya kama shi sai ya san yadda ya zille. Ta zaɓi uku mafi kyau, har da farin, ta kwantar da su kan auduga a murfin kwalba, ta ce jinya za ta yi. Na bar ta. Sauran takwas da tsutsar na zuba su a wata 'yar kwalbar turare da na wanke, na toshe da auduga na sa a durowa.

Majinyatan sun yi kwana biyar. Tana ɗiga musu ruwa a gefe da tsinke, tana duba su da safe da bayan islamiyya. Ba su bushe ba, ba su tashi ba. A kwana na huɗu farin ya miƙe ƙafa ɗaya ya naɗe, ta zo da gudu ta ce ya fara warkewa. Dare na shida kiyashi suka gano murfin. Da gari ya waye sai auduga da ƙafa biyu, ga layinsu ya miƙe daga kan tebur har wata tsaga a gindin bango. Ta ɗauko kwalbar kananzir, Hajiya ta tsayar da ita, ta tuna mata cewa tururuwa na cikin abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a kashe, tare da ƙudan zuma da alhudahuda. "Ke kika ajiye musu, kishiya. Ba sata suka yi ba."

Tsutsar cikin kwalba kuwa ci kawai take, dare da rana. Da farko tsotsa, da bakinta ya yi ƙwari har ƙafafu take taunewa. Cikin kwana takwas ta kai gaɓar ƙaramin yatsa, ta koma ruwan toka saboda abin da ya taru a cikinta. Babu kashi ko ɗigo a kwalbar. Hanjin tsutsar zanzaro a toshe yake ta ƙasa muddin tana ci, don haka ba ta ɓata abincin da take kwance a kai. Sau ɗaya take fitar da komai, a gindin kwanson da ta saƙa. Da ta cinye na takwas sai ta yini tana kaɗa kai hagu da dama cikin kwalba wayam. Biyar ɗin da take nema, biyu rezata ta ci, uku suna ramin kiyashi. Duk da haka ta saƙa kwanso, ja-ja kamar bawon cikin gyaɗa, amma ƙarami. Bayan sati farin hunhuna ya rufe shi. Laka tana shan damshi ta fitar, gilashi ba ya yi. Ban tuna da wannan ba sai da na ga gumi a jikin kwalbar.

Uwar fa? Ta dawo ta tarar da ɗakin a fashe. Ta tsaya a kai, ta shafa shi da 'yan ƙahonin kanta, ta wuce ta ci gaba da cika na biyar. A kwanakin da suka biyo, da take ƙara wa ginin yaɓen waje, ta yaɓe har da kangon. Jean-Henri Fabre, malamin makaranta Bafaranshe da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen ƙwari a gonarsa ta Sérignan har ya rasu a 1915, ya gwada wannan irin zanzaron da gangan. A can kudancin Faransa jikin murhun ɗumama ɗaki suke gini saboda son zafi. Ya cire gizo-gizon farko da ƙwan da ke jikinsa, kuma duk wanda ta ƙara kawowa ya sace. Kwana biyu tana kawowa, kusan ashirin, a ƙarshe ta toshe ɗakin da babu komai cikinsa kamar yadda take toshe cikakke. Fabre ya ɗauki wannan shaida ce cewa aikinta jere ne, gaɓa na kiran gaɓa, ba ta komawa baya. Ni na fi kallon abin ta fuskar lokaci. Wadda kwanakinta 'yan makonni ne, sabon ɗaki ya fi mata riba a kan zaman makokin tsoho, kuma a daji ba a saba haɗuwa da mai reza ba.

Koriyar baƙuwa, da jan gwada

Wajen kwana na 15 wata baƙuwa ta fara zarya. Ta ɗan fi ƙuda girma, koriya shar mai walƙiya kamar an zuba mata ruwan ƙarfe, gindinta shuɗi. Auta ta ce ba ta taɓa ganin ƙwaro mai kyanta ba, ni ma haka. 'Yar dangin Chrysididae ce, waɗanda ba sa gini ba sa farauta, gidan wani suke nema. Takan laɓe a katakon taga har mai gida ta tashi, sannan ta sauka tana bubbuga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kankana. A kan na biyu ta tsaya, inda tsutsa ta riga ta ƙosa. Ta jiƙa wuri guda da yawu har ya yi laushi, ta juya ta cusa siririn bututunta, ta daɗe, sannan ta shafe kafar ta tafi. Sau ɗaya mai gida ta rutsa ta. Sai ta dunƙule kamar bushiya, fatarta kuwa sulke ce. Uwar ta ɗauke ta da baki ta yar, ita kuma ta warware a ƙasa ta tashi abinta.

Kwana na 19 da hantsi ina zaune ina gyaran rediyo. A lokacin bakin fukafukan uwar ya riga ya tsattsage kamar gefen tsohon zane, da shi ma nake gane ta. Ɗaki na takwas yana buɗe, na leƙa da safe na ga kamu huɗu a ciki. Ta sauka gindin famfo ɗibar lakar yaɓe, kai ƙasa ciki sama kamar kullum, wato a yanayin da ba ta ganin abin da ke bayanta. Akwai wani jan gwada da ya mai da bulon kusa da famfon fadarsa. Ya gyaɗa kai sau biyu, ya zaburo, cap. Ƙafa ɗaya mai ratsin ɗorawa ta rage a gefen bakinsa tana motsi, ya ɗaga kai ya haɗiye ta, ya koma kan bulo.

Ran nan babu mai yi wa na takwas murfin dare. Kafin isha kiyashi sun kafa layi, da safe babu gizo babu ƙwai.

Lissafi

Ginin ya yi shiru har muka fara mantawa da shi. Kwana 33 bayan toshe ɗaki na ɗaya, da safe, Auta ta ji ƙurƙura. Wuri guda a bakin ɗakin ya yi duhu don jiƙewa, can ya ɓurme, baƙin kai ya leƙo. Ta fito sabuwa fil, fukafukai sumul, ta tsaya a bango tana goge fuska da ƙafafun gaba, sannan ta tashi ta nufi shingen lalle kamar ta san hanya. Na huɗu da na biyar suka biyo baya cikin kwana goma. Na biyar ɗin ƙarami ne, namiji. Uwar ce take zaɓa: ƙwan da ta haɗa da maniyyin da ta adana a jikinta ya zama mace, wanda ba ta haɗa ba ya zama namiji, kuma ɗakin mace ya fi samun abinci. Daga na biyu koriyar ce ta fito. Na shida da ya ƙi buɗewa na fasa shi a watan Oktoba, na tarar da gizo-gizo 11 sun bushe ƙayau ba wanda aka taɓa, ƙwan bai ƙyanƙyashe ba.

Ɗaki takwas ke nan: zanzaro uku, koriya ɗaya, ɗaya ga kiyashi, ɗaya ga hunhuna ta hannuna, ɗaya ya tashi a banza, ɗaya a rufe. Idan aka yi wa kowane cikakken ɗaki kamu goma sha biyu, gizo-gizo kusan 90 ne suka shiga wannan curin da bai kai tafin hannun Auta ba. A cikin duk masu hannu a asarar, da koriyar da jan gwada da kiyashi, ni kaɗai ne ba neman abinci ya kawo ni ba.

Saura maganar Hajiya. A watan Satumba ina jawo buhun masara a sito na ture wani gini dabam: 'yan tuluna jere a bango, ɗaya da ba a toshe ba har da wuya da baki mai faɗi, kamar aikin mai ginin tukwane. Wanda ya fashe ya zubo da tsutsotsin ganye kore shar guda shida, suna ɗan murɗawa. Aikin wani zanzaron ne, na dangin Delta, wanda ya fi tamu girma. Ita wannan tun tulun yana wayam take saka ƙwanta, ta rataye shi a rufin ciki da wani zare da ido ba ya gani sai an ƙura, sannan ta cusa tsutsotsin ta toshe. Na kai wa Hajiya a tafin hannu. Ko tabarau ba ta nema ba. "Na gaya muku," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Na daɗe ina juya wannan. Mutanen da sun ga koriyar tsutsa ta shiga, sun ji ƙara, sun ga an toshe ƙofa, bayan wata guda sun ga zanzaro ya fito. Duk abin da suka ce sun gani, sun gani. Abin da ya ɓace musu ƙwai ɗaya ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a rataye a duhu bayan bango. Ban yarda a kira wannan camfi ba. Kallo ne na tsanaki na mutanen da ba su ga dalilin fasa gidan wani ba.

An gyara famfon a ƙarshen Oktoba. Lakar ta bushe ta tsattsage, kaji sun koma kasko, jan gwada ya sauya fada. Na yi fentin kamar yadda na yi alkawari, amma na zagaye ginin, maiɗakina ta kalla ba ta ce komai ba. Ɗaki na bakwai yana nan a toshe, ƙurar hunturu ta hau kansa. Wasunsu sukan kwanta cikin kwanso su ƙetare rani, sai ruwa ya sauka su huda su fito. Ko yana cikin waɗannan ko ya bi sahun na shida, reza ce kaɗai za ta faɗa, ita kuwa na mayar da ita durowa.

Shekaranjiya da daddare, an ɗauke wuta, Auta ta hau benci da tocila ta ƙwala mini kira. Ramin ɗaki na ɗaya, inda ta farkon ta fito, an rufe bakinsa da farar yana, a bayanta ƙafafu a naɗe da 'yan idanu suna ƙyalli.

"Abba," ta ce, "Gizo ya tare."